Hayaƙi ɗaya, huhu daban-daban: ina gado ya tsaya a ciwon dajin huhu?

Duk inda aka tayar da zancen illar taba, ko a majalisar Tudun Wada ta Gusau ko a tashar motar Talata Mafara, sai an sami mai kawo hujjar nan da kowa ya sani. "Ai Baba wane ya shekara hamsin yana busa sigari, ga shi ya haura tamanin, da ƙafarsa yake zuwa gona. Wance kuwa ko warin taba ba ta so, amma ciwon huhu ne ya yi ajalinta." Sai a rufe da cewa ai jini ne, na wani mai ƙarfi, na wani rarrauna.

Ba na cikin masu yi wa wannan magana dariya, domin da ƙamshin gaskiya a cikinta. Jikin mutane ba ɗaya ba ne wajen jure guba, kuma wani ɓangare na bambancin gadonsa ake yi daga uwa da uba. Masana sun kwashe kusan shekara arba'in suna bin diddigin abin. Sai dai amsar da suka samo ba ta yi wa mai kare taba daɗi ba, ba ta kuma yi wa mai tallar ƙwayoyin "wanke jiki" daɗi ba.

Ciwon ba ƙarami ba ne. Ƙididdigar cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon a Faransa, ta nuna cewa a 2022 mutum wajen miliyan 2.5 ne suka kamu da dajin huhu, wajen miliyan 1.8 kuma suka rasu. Babu wani nau'in daji da ya kai shi kisa. Hukumar ta ɗora alhakin kusan kashi 85 cikin 100 na masu ciwon a kan taba, alaƙar da Richard Doll da Bradford Hill suka fito da ita fili a Ingila tun 1950.

Tsatsa a cikin jiki

Iskar oksijin da muke shaƙa ita ce rayuwarmu, amma ita ce kuma take cin ƙarfe. Kwanon rufin da ya sha damina ya sha rani, ya yi ja ya fara hujewa, aikinta ne. Irin wannan cin yana faruwa a cikin jikin ɗan Adam, ba dare ba rana. A cikin kowace ƙwayar jiki akwai wasu 'yan ƙananan sassa da ake kira maitokondiriya, inda ake ƙona abincin da muka ci da oksijin a samar da kuzari. Ƙonawar ba ta fita tsaf. Kullum sai wani ɓurɓushin oksijin ya tsere, shi kuwa ba ya zama lafiya, duk abin da ya taɓa sai ya ci shi, ko kitsen bangon ƙwayar ne, ko furotin, ko kuma shi kansa DNA, kundin da aka rubuta umarnin gudanar da ƙwayar a cikinsa.

Idan ɓurɓushin ya taɓa DNA yakan ɓata harafi, in aka zo kwafar kundin sai a kwafi kuskure. Yawancin kurakuran ana gyara su, wasu kuma ba su da wata illa. Amma idan kuskuren ya faɗa kan umarnin da ke cewa ƙwaya ta daina rabuwa, ko ta mutu in ta lalace, sai ta ci gaba da hayayyafa babu mai tsawata mata. Ba kuskure ɗaya ke kai mutum nan ba, taruwa suke yi a hankali, shekara ashirin, shekara talatin. Shi ya sa dajin huhu ya fi kama wanda ya manyanta.

Huhu kuwa shi ne a bakin ƙofa. Duk abin da ke cikin iska a kansa yake fara sauka. Hayaƙin sigari yana ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, kuma aƙalla wajen 70 daga cikinsu an tabbatar suna jawo daji. Yana shigo da nasa ɓurɓushin mai ɗimbin yawa, sannan yana fusata hanyoyin numfashi, fararen ƙwayoyin jini su taru don su yi faɗa, su ma makamin nasu shi ne irin wannan ɓurɓushi. Ɓarna ta zama biyu ke nan, ta waje da ta gida.

Allah bai bar jiki haka kawai ba. Akwai jerin furotin da aikinsu shi ne kashe kaifin wannan ɓurɓushi kafin ya yi ta'adi, kuma aikin miƙa-miƙa suke yi. Na farko shi ne SOD, wanda Joe McCord da Irwin Fridovich suka gano aikinsa a 1969 a Jami'ar Duke ta Amurka. Iri uku ne: ɗaya a cikin ruwan ƙwaya, ɗaya a cikin maitokondiriya mai aiki da ma'adinin manganis, na uku kuma a wajen ƙwaya, kuma huhu na cikin wuraren da ya fi yawa. SOD yana mayar da ɓurɓushin ya zama ruwan haidirojin, daga nan katalas da GPX su karɓa su mayar da shi ruwa zalla.

Wannan matakin kam kusan kowa ya taɓa ganinsa da idonsa. In yaro ya ƙuje gwiwa aka kai shi kemis, mai shagon ya ɗauko kwalbar haidirojin ya tsiyaya a kan ciwon, nan take sai farin kumfa ya taso yana tsuwwa. A kan lafiyayyar fata ba ya yin haka, zubewa kawai yake yi. Kumfan nan katalas ɗin da ke cikin jini da naman yaron ne yake farfasa ruwan yana sakin oksijin. Abin da ake gani a gwiwa na 'yan daƙiƙu, shi yake gudana a huhu tsawon rai.

Akwai kuma dangi na biyu da ake kira GST. Su nasu aikin shi ne su kama guba irin ta kwaltar taba, su ɗaura mata wani sinadari mai suna gulutatayon, ta yadda za ta narke a ruwa jiki ya iya fitar da ita. Ɗaya daga cikin gubobin nan, benzofayirin, sai ya shiga jiki ma yake ƙara zama mugu, domin hanta da huhu suna sauya shi a ƙoƙarin kawar da shi, sai ya koma wani abu mai manne wa DNA. A 1996 aka nuna cewa wuraren da yake mannewa a jikin ƙwayar gadon p53, wato wani sashe na kundin DNA da ke hana ƙwayoyi fanɗarewa, su ne wuraren da ake yawan samu a lalace a cikin dajin huhun mashaya taba. In GST ya riga shi, ya tsira da DNA. In bai riga shi ba, an sami tabo.

Inda gado ya shigo

Kowane furotin da na ambata yana da ƙwayar gadon da ke ɗauke da umarnin ƙera shi, kwafi biyu, ɗaya daga uba ɗaya daga uwa. Kundin gadon ɗan Adam yana da harufa wajen biliyan uku, kuma mutum biyu da ba 'yan'uwa ba sukan saɓa a kusan harafi ɗaya cikin kowane dubu. Wasu daga cikin saɓanin a kan waɗannan furotin suka faɗa. A SOD na maitokondiriya akwai sauyin harafi ɗaya da ke shafar yadda furotin ɗin yake shiga wurin aikinsa. A GPX1 akwai wani da ke rage kaifinsa. A NQO1 akwai wanda in mutum ya gaje shi ta ɓangare biyu, furotin ɗin kusan ba ya aiki sam, kuma wannan ya fi yawa a mutanen gabashin Asiya.

Wanda ya fi ba da mamaki shi ne GSTM1. A nan ba harafi ne ya sauya ba, ƙwayar gadon ce gaba ɗaya babu. Kusan rabin Turawa da rabin mutanen gabashin Asiya ba su da ita ko kwafi ɗaya, suna kuma rayuwarsu lafiya ƙalau ba su sani ba. A 'yan Afirka abin bai kai haka ba, wajen mutum ɗaya ne cikin huɗu. 'Yar'uwarta GSTT1 ita ma takan ɓace haka.

Mu a nan ba baƙi ba ne ga irin wannan gado. Ƙarancin furotin ɗin da ake kira G6PD, wanda ya yi yawa a Nijeriya musamman a 'ya'ya maza, shi ma matsalar garkuwar nan ce, domin G6PD ne yake samar da abin da ake sabunta gulutatayon da shi. Yaron da ya gaji ƙarancin yana nan garau, har sai ranar da aka sa masa kayan da suka daɗe a akwati da ƙwallayen kafur, ko aka ba shi wani maganin da bai dace da shi ba. Sai jajayen ƙwayoyin jininsa su farfashe, ido ya yi ɗorawa, a ce shawara ce. Wannan matsalar jini ce, ba ta dajin huhu ba, amma ta nuna yadda abin yake tafiya: raunin yana kwance shiru, sai ya haɗu da abin da zai tayar da shi.

To da aka gano rabin wasu al'ummu ba su da GSTM1, sai tunani ya tafi kai tsaye cewa an kama bakin zaren. Watakila su ne taba take kashewa, masu ita kuma su ne irin su Baba wane. Tun 1986 aka fara fitar da rahoton cewa mashaya taba masu dajin huhu sun fi rashin aikin wannan furotin. Daga nan bincike ya yi ta fitowa daga ƙasa zuwa ƙasa, wannan ya ce haɗarin ya ninka, wancan ya ce bai ga komai ba, wani ma ya ga akasi.

A 2006 wasu masana a Jami'ar Kambirij suka tattara bincike 130, mai ɗauke da marasa lafiya fiye da 23,000 da masu lafiya fiye da 30,000, suka haɗa lissafin wuri ɗaya. Rashin GSTM1 ya ƙara haɗarin da kashi 18 cikin 100, rashin GSTT1 da kashi 9. Da suka ware manyan binciken kaɗai, waɗanda suka fi yawan mutane, sai ƙarin na GSTM1 ya sauko zuwa kashi 4, adadin da ba a iya rarrabe shi da dacen lissafi, na GSTT1 kuwa ya ɓace ɗungurungum. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ƙaramin bincike mai mutum ɗari yana iya cin karo da sakamako mai ɗaukar ido bisa tsautsayi, kuma irin wannan ne mujallu suka fi son bugawa, wanda bai sami komai ba kuwa yakan ƙare a cikin durowa. Labarin SOD na maitokondiriya da GPX1 da NQO1 bai bambanta sosai ba: alamu a nan da can, mafi yawa ƙanana, ba sa kuma maimaituwa iri ɗaya daga al'umma zuwa al'umma.

A ajiye wannan 18 ɗin kusa da na taba a gani. Mai shan sigari ya fi wanda ba ya sha haɗarin dajin huhu da ninki 15 zuwa 30. Ninki fa, ba kashi ba. Wani bincike da Richard Peto da Doll suka fitar a 2000 ya nuna cewa a cikin maza 100 na Birtaniya da suka ci gaba da sha, wajen 16 ne dajin huhu yake kashewa kafin su cika shekara 75. A cikin waɗanda ba su taɓa sha ba, bai kai mutum ɗaya ba. Ko da mun ɗauki 18 ɗin nan a matsayin gaskiya tsantsa muka yi lissafi da ita, abin da za a samu shi ne kamar 15 a masu GSTM1, 17 a marasa ita. Mai "jini mai ƙarfi" ke nan yana kan 15, maƙwabcinsa marar GSTM1 da ba ya shan taba yana ƙasa da ɗaya.

Wannan lissafin ya kuma ba da amsar Baba wane. In 16 ne suke tafiya da wannan ciwo, 84 ba shi ne ajalinsu ba, don haka dole kowace unguwa ta sami tsohon mashayin da za a nuna da yatsa. Abin da ba a faɗa a majalisa shi ne sa'o'insa da aka binne suna da shekara hamsin da 'yan kai, da kuma cewa da yawa cikin 84 ɗin nan ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki da toshewar hanyar numfashi suna jiransu, su ma daga tabar. A binciken nan dai, wanda ya daina yana da shekara 50 haɗarinsa ya sauko zuwa 6, mai 40 zuwa 3, mai 30 zuwa 2. Babu wata ƙwayar gado cikin waɗanda muke magana a kai da take da irin wannan tasiri.

Da fasaha ta ci gaba aka daina zaɓar ƙwayar gado ɗaya ana zarginta, aka koma leƙa kundin gaba ɗaya a dubban mutane. A 2008 ƙungiyoyin masana uku suka fito da sakamako iri ɗaya, kuma wurin da ya fi haskawa ba na masu kashe ɓurɓushi ba ne. Yana kan kuromozom na 15, ɗaya daga cikin ƙunshin da kundin gado ya kasu, inda umarnin ƙera makarɓar nikotin yake, wato furotin ɗin da nikotin ɗin taba yake kamawa a jiki. Wanda ya gaji wani nau'inta yakan fi kamuwa da jarabar taba, ya fi zuƙa, ya fi shan wahalar dainawa. Ashe babban abin da gado yake yi a nan shi ne ya ƙara yawan hayaƙin da ke shiga.

Wani abu yana ci mini tuwo a ƙwarya game da duk wannan. Kusan dukkan binciken a kan Turawa da mutanen Asiya aka yi shi. Wani nazari na 2016 ya nuna kusan kashi 81 cikin 100 na mutanen da aka saka a irin wannan babban binciken gado masu asalin Turai ne, masu asalin Afirka kuwa wajen kashi 3. Alhali Afirka ce ta fi ko'ina yawan bambancin gado. A 2020 shirin binciken gadon 'yan Afirka mai suna H3Africa ya karanta kundin mutum 426 kacal daga ƙabilu 50 na nahiyar, ya tarar da sauye-sauye fiye da miliyan uku da ba a taɓa rubutawa ba. Shi kansa sauyin makarɓar nikotin da ya yi suna a Turawa, da wuya ake samunsa a 'yan Afirka. Kada kuma wani ya ɗauki wannan, ko yawan masu GSTM1 a cikinmu, a matsayin albishir. Wani babban bincike a Amurka da aka buga a 2006 ya gano cewa a tsakanin masu shan ƙasa da kara 30 a rana, baƙar fata sun fi Turawa kamuwa da dajin huhu. Duk wanda ya ce maka ga gwajin jinin da zai nuna huhunka zai jure taba, kuɗinka yake so. Ba kamar gwajin sikila ba ne da ake yi kafin aure, inda AS da AS suke da lissafi bayyananne. A nan babu sakamakon da zai sa likita ya canza shawarar da zai ba ka.

Hayaƙin da ba na taba ba

Binciken taba na ƙasa da aka yi a 2012 ya nuna wajen kashi 7 cikin 100 na mazan Nijeriya ne suke shan taba, mata kuwa ba su kai kashi 1 ba. Wannan ya sa tambayar da ta fi damuna ta shafi Wance ne, ba Baba wane ba. Ita wane hayaƙi ta sha?

A gundumar Shuwanwei da ke lardin Yunan na ƙasar Sin, mata ba sa shan taba, amma suna cikin matan da dajin huhu ya fi kashewa a ƙasar. Dalilin shi ne wani kwal mai hayaƙi da suke girki da ɗumama ɗaki da shi a murhu marar bututu. A can wani bincike na 2000 ya sami cewa rashin GSTM1 ya ninka haɗarin fiye da sau biyu. Binciken ƙarami ne, dole a riƙe shi da irin taka-tsantsan ɗin da na faɗa a sama. Abin da ya fi shi ƙarfi shi ne abin da aka gani bayan an sa wa murahun bututun fitar da hayaƙi: dajin huhu ya ragu sosai a gidajen da suka canza. Ba a taɓa gadon kowa ba, hayaƙin aka nuna wa hanyar waje.

Mu ba kwal muke ƙonawa ba, icce ne da kara da gawayi, wani lokaci har da leda don wuta ta kama. Cibiyar Liyon ta sa hayaƙin kwal na cikin gida a sahun abubuwan da aka tabbatar suna jawo daji, hayaƙin icce kuma a sahun da ke biye, na waɗanda ake kyautata zaton suna jawowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta kashe mutum miliyan 3.2 a 2020, kashi 6 cikin 100 daga ciki ta hanyar dajin huhu. Shiga madafin gidan ƙauye da damina, lokacin da iccen ya jiƙe aka koma girki a ɗaki. Jinka ta yi baƙi ƙirin tana ƙyalli, kunkunniya na rataye, uwar gida ta durƙusa tana hura wuta da baki idonta na zubar da ruwa, ga goyo a bayanta yana shaƙar abin da take shaƙa. Abin da ya manne a jinkar nan dangin kwaltar sigari ne, har da benzofayirin a ciki. Haka masu bandar kifi a Yawuri da Argungu, da mata masu turara shinkafa, da mai tsire da ke tsaye kan tukuba tun la'asar har tsakar dare.

Sai kuma ƙura. Duk ɗan Zamfara yana tuna 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma da Abare, daga baya aka gano girman abin a Bagega. Hankali ya tafi kan dalma, kuma daidai ne. Amma dutsen da ake niƙawa a injin don neman zinare yana fitar da wata ƙurar, ta silika, sinadarin yashi da duwatsu, wadda tun 1997 aka sa ta a sahun tabbatattun masu jawo dajin huhu. Ƙwayar silika in ta shige can cikin huhu ba ta narkewa. Fararen ƙwayoyin jini su haɗiye ta, su kasa cinye ta, su mutu suna zubar da ɓurɓushin oksijin, wasu su zo su maimaita. Tana kuma buɗe wa tarin fuka ƙofa. Matashin da yake wuni a bakin injin niƙa, ya fito fari fat har gashin ido, sannan ya kunna sigari don ya huta, ya haɗa wa garkuwar huhunsa abin da ko mai cikakken gado ba zai ɗauka ba. A wani gwaji da aka yi da masu haƙar zinare a jihar Neja, fesa ruwa a wurin niƙa ya rage ƙurar silika da wajen kashi 80 cikin 100.

To a sha ƙwayoyin ƙarin garkuwa mana?

Wannan tunanin ya zo wa masana ma, sun kuma gwada shi, abin da ya fito ya girgiza su. A ƙasar Finlan aka ɗauki maza mashaya taba fiye da 29,000, aka ba wasu ƙwayar bita-karotin, sinadarin da ke sa karas da manja launinsu, kullum har tsawon shekaru. Da aka fitar da sakamako a 1994, dajin huhu ya ƙaru da kashi 18 cikin 100 a waɗanda suka sha. A Amurka aka yi irinsa da mutum fiye da 18,000, mashaya taba da ma'aikatan da suka shaƙi ƙurar asbestos, wani ma'adini mai cutar da huhu, aka haɗa musu bita-karotin da bitamin A. Dole aka tsayar da gwajin a farkon 1996 tun wa'adinsa bai cika ba, domin dajin huhu ya ƙaru da kashi 28, mutuwa kuma da kashi 17. A 2014 masana a Jami'ar Gotenbag ta Suwidin suka ba ɓerayen da dajin huhu ya fara tsiro musu bitamin E da wani sinadarin kashe ɓurɓushi, sai dajin ya yi saurin girma, ɓerayen suka mutu da wuri.

Bayanin yana cikin ƙwayar dajin kanta. Ita ma ƙwaya ce, kuma saboda gaggawar hayayyafa ta fi lafiyayya tara ɓurɓushi, har yakan kai ya kashe ta. Akwai wani furotin mai suna NRF2 wanda shi ne yake kunna ƙwayoyin gadon garkuwar nan da yawa, ciki har da NQO1 da wasu GST, akwai kuma KEAP1 mai riƙe shi har sai an buƙace shi. A 2012, da aka karanta kundin wani nau'in dajin huhu da ya fi kama mashaya taba, an tarar kusan ɗaya cikin uku ya lalata wannan tsarin ta yadda NRF2 zai zauna a kunne dindindin. Wannan sauyin ba gadonsa ake yi ba, a cikin ƙwayoyin dajin yake faruwa. Dajin ya ƙwace garkuwar ya rufe kansa da ita, har ta taimaka masa jure maganin asibiti da gashin da ake yi masa. Mashayin da ya shekara talatin yana sha, mai yiwuwa akwai 'yan ƙwayoyin da suka fara fanɗarewa a huhunsa bai sani ba. In ya ɗura musu ƙarin garkuwa daga kwalba, su ya taimaka wa.

Shi ya sa raina yake ɓaci in na ji ana tallar ƙwayoyi a rediyo ko a WhatsApp da sunan suna wanke huhun mai shan taba ko shisha. Abinci daban ne. A Shanghai wani bincike na 2000 ya sami ƙarancin dajin huhu a mazan da aka ga alamar sinadaran dangin kabeji a fitsarinsu, kuma abin ya fi fitowa a marasa GSTM1 da GSTT1, watakila don jikinsu ba ya saurin fitar da sinadaran. Ga shi rashin da ake ɗauka rauni ya zo da ɗan amfani ta wata fuskar. Kabeji da zogale da alayyafo da rama, a ci su a kwaɗo da miya yadda aka saba, alheri ne ga jiki. Amma ba a taɓa nuna cewa kwanon kwaɗo yana goge kwalin sigari ba.

Dokar hana yaɗuwar taba ta 2015 ta haramta sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma haramta sayar da ita kara-kara. Kowa ya san a teburin mai shayi da na mai kanti har yau kara ɗaya ake miƙa wa yaro ya kai wa yayansa, ko ya laɓe ya gwada. Huhun da ya fara karɓar hayaƙi yana shekara goma sha biyar ya sami ƙarin shekarun tara kurakurai, kuma tsawon shekarun sha ya fi yawan karan da ake sha a rana tasiri a kan haɗarin.

A asibitocinmu kuma dajin huhu yakan ɓuya a bayan tarin fuka, domin alamunsu kusan ɗaya ne: tari mai naci, jini a majina, rama, ciwon ƙirji, har hoton ƙirjin yakan yi kama. Ma'aikacin lafiya ya tambaya, "Inna, kuna shan taba?" ta ce, "Haba ɗana, ni da taba?" sai zancen daji ya fita daga ransa. Kamata ya yi tambayar ta ci gaba: da me kuke girki, a ɗaki ko a tsakar gida, shekara nawa, akwai mai sha a ɗakin da kuke kwana, an taɓa niƙa dutse a gidan? Idan gwajin majina bai nuna ƙwayar tarin fuka ba, ko an yi wata biyu ana shan maganin babu sauƙi, 'yan'uwan marar lafiya suna da haƙƙin su nemi a tura su babban asibiti, a Gusau ko Birnin Kebbi ko asibitin koyarwa na Sakkwato, a ɗauki hoton CT mai nuna cikin ƙirji dalla-dalla, in an ga ƙari a ɗebi ɗan nama a duba.